Maɓallin da Ta Goge

"Inna, ba mutuwa ta yi ba," in ji mai gyaran kwamfuta. "Bakinta kawai aka rufe."

Tsohuwar ta gyara zama a bencin shagon. Jiya ta fita takaba, yau da sassafe ta hau babur daga Baure zuwa Daura, rungume da kwamfutar mijinta cikin zani. A ciki ɗalibansa suka ɗauki bidiyon karatunsa na shekara uku. Tun makon rasuwarsa na'urar ta yi shiru. In an kunna bidiyon, ga Malam a zaune, leɓunansa na motsi, amma babu murya. Maƙwabta suka ce ai ta bi mai ita.

"Wa ya taɓa nan?" Ya nuna mata wani ɗan maɓalli mai hoton lasifika.

Ta sunkuyar da kai. Ta tuna ranar sadakar uku, da ta bi kayansa tana gogewa, allo da buta da tabarau, har wannan ma ta dirje ta da tsumma.

"Ni ce, ɗan nan."

Ya danna sau ɗaya. Ta ja mayafi, ta nutsu don jin aya. Sai ga tarin Malam, sannan ya juya wajen ƙofar cikin gida, ya ce wa ɗalibansa:

"Ku dakata. Kunun baiwar Allahn nan ya iso, kuma ba a barin nata ya huce."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Allah ya yi maka albarka. Nuna mini inda ake ƙara muryar."