Farin Takalmi a Bakin Marmaro

Ina aji uku wani ma'aikaci ya zo garinmu Kwandiko gyara mana marmaron gindin dutse. Na laɓe bayan kakata, ina kallon yadda yake ɗage farin takalminsa kada laka ta taɓa shi.

Ya ce a sare ɓauren da ke kan ruwan, a zuba siminti, wai ganye ƙazanta ne.

Kakata ta ce, "Malam, inuwar nan ce ke riƙe mana ruwan."

Ya yi dariya. "Inna, wannan aikin masu ilimi ne."

Rani na shiga, marmaron ya ƙafe. Mu muka fasa simintin, muka sake dasa ɓaure. Har yau takalmin nake tunawa. Mai ilimin ya kashe mana ruwa, takalminsa ko jiƙewa bai yi ba.