Hasken Waya a Ɗaki Ɗaya

Su uku ne a ɗaki ɗaya: uba mai walda, uwa, da 'yarsu mai jarrabawa gobe. Littafi babu, darussan duk suna cikin wayar uwar.

Yarinyar ta rage hasken wayar har ya ƙure, haruffa suka koma kamar tururuwa a toka. Duk da haka uban ya daka mata tsawa.

"Ke! Kashe min abin nan!"

"Haba Baba, ko sauro ba zai ga hasken nan ba!"

"Da ni kike musu?"

Zuciya ta ɗebe ta. Ta daɗe da yanke cewa karatun nata ne ba ya so.

"In na faɗi ai ka huta!"

Ta ƙure hasken, ta dalle masa fuska da gayya. Ya kare da hannu, amma ta riga ta gani. Jiƙaƙƙen tsumma ya zame daga idanunsa, sun kumbura jawur, suna zubar ruwa. Wutar walda ta yini tana cin su.

"Yi karatunki," ya ce, ya juya bango.

Ta shige bargo da wayar. Ta gane ba karatunta yake ƙi ba, ɗan hasken nan ma ciwo yake masa.