Ɗalibin da Mama ta bar mini

Ya sake ture murafun kwalbar da na jera masa, suka watse a ƙasa. Na durƙusa ina tsincewa, shi kuwa ya mayar da fuskarsa bango.

Tun da Mama ta rasu ya dawo hannuna. Ita ce mai haƙurin zama da shi, ita ke gane abin da yake so ko bai furta ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, ɗinki na sani. Amma likita ya faɗa mana ƙarara cewa in bakinsa bai buɗe bana ba, mu cire rai. Ya ce kullum a zaunar da shi a koya masa, kamar a aji.

Sai na matsar da keken ɗinki, na rataye ƙaramin allo a falo.

Maƙwabciyarmu tana koyar da ƙananan yara, wurinta na je neman dabara.

"Fara da waƙa da tafi," in ji ta. "'Yan ajina har rawa suke yi."

Na yi waƙar, na yi tafin, har da ɗan tsalle. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya rufe ido.

Ta ce in gwada hotuna. Na yanko kaza, mota da kofi daga tsohuwar kalanda. Ya kife su ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu. Ta ce to a sa shi cikin wasu, ko zai yi koyi. Na tara masa 'ya'yana suna maimaitawa. Ranar ko abinci bai ci ba.

Na kira yayana ina huci.

"Ke ce ba ki iya ba," ya ce. "Ki riƙa ba shi alewa in ya yi ƙoƙari."

"To zo ka ɗauke shi mako guda, mai iyawa."

"Me kika ce? Layin nan ba kyau."

Washegari na share murafun na zubar. Ba waƙa, ba hoto. Na tsaya gaban allo ina rubuta baƙaƙe ina karanta wa kaina, hawaye na zuba, don kada ya gani ban ko waiwayo ba. A raina ina ce wa Mama, kin tafi kin bar ni da abin da ya fi ƙarfina.

Sai na ji murya a bayana, mai nauyi, tana jan ƙafa.

"Mat... matsa."

Allin ya faɗi daga hannuna.

"Kin... tare allo. Malami... ba ya ba aji... baya."

Na matsa gefe da sauri kamar ina 'yar aji uku, domin da wannan muryar Baba ya riƙa gyara wa malaman makarantarsa tsayuwa, kafin shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana.