Hawayen Malam Lawan

Tun safe Prisca ke ɗaura wa mutanen Tarauni gilashin nan a fuska, kowa sai ya cire yana dariya.

Gilashin na'ura ce. Kana sakawa ka zama farin ɓera a kejin wani ɗakin gwajin magunguna na nan cikin gari, inda aka ɗauko hoton: hannu mai safa yana saukowa da allura, kai kuwa kana neman hanyar fita. Ƙungiyar da Prisca ke wa aiki so take mutane su ji tausayin dabbobin gwaji. To, tausayin ɓera a Kano? Wata Hajiya cewa ta yi ai waɗannan 'yan gata ne, ga abinci ga fanka.

Shugabar ƙungiyar ta riga ta faɗa: in yau ma ba wanda abin ya taɓa, an rufe shirin, Prisca ta nemi wani aikin. Ga ta can gefe tana duba agogo.

Sai ga Malam Lawan daga Gyaɗi-Gyaɗi, rigarsa duk ƙananan huji, idanu jajur. Shi bai yi dariya ba. Da aka zo inda ɓeran ke tura hanci a kusurwar keji har wayar kejin ta ɗan buɗe, sai ya durƙusa ƙasa yana leƙe. Ya roƙi a maimaita masa wurin. Aka maimaita, ya sake roƙo.

Da ya cire gilashin, hawaye sharkaf a fuskarsa.

"Ashe ta nan suke bi," in ji shi a hankali. "Wallahi ban taɓa kallon abin daga ciki ba."

Daɗi kamar ya kashe Prisca. Shugaba ta ɗauke shi hoto, ta ce shiri ya ci gaba. Suka miƙa masa hankici, ya ce su bar shi, idon ya saba. Suka ɗauka kawaici ne.

Ya hau adaidaita sahu ya koma shagonsa na walda. An daɗe ɗakin gwajin na barazanar ƙwace aikin daga hannunsa, don ɓeraye na sulalewa daga kejin da yake ƙera musu, ya rasa ta ina. Kafin la'asar ya jona wutar walda, ba tabarau a fuska, yadda ya saba aiki kullum, ido na zuba saboda hasken wutar, ya bi kusurwar kowane keji ya toshe.