Muryar Babaji a Garmaho

Ɗantala ya sauka Potiskum bayan yaƙin Bama na zamanin Turawa, da garmaho guda da baki mai zaƙi. Ya kafa rumfar zana bayan kasuwar shanu, ya ce akwatinsa na kiran matattu. Wai matattu. Mata suka yi ta shiga da kaji suna fitowa da hawaye.

Idonsa ya faɗa kan Gumsu ta unguwar Yindiski, wadda mijinta Babaji, dillalin shanu, ya rasu ya bar mata bijimai huɗu. Su ne cinta, su ne suturarta. Ya bi kasuwa yana tambayar halin mamaci. Dillalai suka dubi juna, suka ce ai mutum ne marar surutu, cinikinsa duk da yatsu yake yi a ƙarƙashin riga.

Gumsu ba ta musun tana jin Babaji a gidan. Da hantsi takan ji kamar sandarsa ta bugi turmi sau biyu, yadda yake kiranta. Amma wannan nata ne, ba na kasuwa ba.

Ɗantala ya same ta da tayin kiran Babaji, ya ce ladan kira zakara biyu. Ta ce ƙwai uku. Aka tsaya a huɗu, ɗaya ma bara-gurbi.

Ta zo da maƙwabciyarta Yakaka, da wani ƙato da ta ce ƙaninta ne. Faifai ya juya, ya yi ta shuu, sai murya ta fito daga ƙahon garmahon a dishe.

"Gumsu, ni ne Babaji. Kabari ya matse ni. Ki ba bawan Allahn nan bijiman ya yi mini sadaka."

Yakaka ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Maigida, ƙara faɗi," in ji Gumsu. "Ban ƙoshi ba."

Sau uku ta sa mamaci ya maimaita, sannan ta ɗaga wa ƙaton gira. Ɗan doka ne. Ya yaye zana, ga wani gardi kwance da tiyo a baki.

Ana ɗaure Ɗantala ya ce, "Iya, don Allah, ina muka kuskure? Muryar ce ba ta yi ba?"

Ta kwashe ƙwanta, ta bar masa ruɓaɓɓen.

"Murya ta yi, ɗana. Shekara talatin nake marmarinta. Babaji bebe ne tun ran da aka haife shi."