Layin Da Aka Goge

Kwana biyar da binne Inna, ɗanta ya zauna gaban kwamfutar sakatariyar ƙaramin asibitin da ta yi jinya, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga sunan wanda ya kashe ta.

A gida Tsaf-tsaf ake ce masa. Inna ce ta laƙaba masa tun yana ƙarami, don ba ya ganin tsohon abu a ajiye ya ƙyale shi. Ya taɓa zubar mata da gwangwanin maɓallan riga da ta yi shekara ashirin tana tarawa, ta bi shi da tsintsiya har ƙofar gida. Da ya girma sai ya kama aikin kwamfuta. Wani kamfani ke turo masa gyare-gyaren shafukan intanet, talatin ko arba'in a mako, yana yi daga ɗakinsa, bai san fuskar masu su ba. Ko ranar da za a kwantar da Inna, sai da ya sallami guda goma sha biyu a gurguje kafin ya ɗauko ta.

Likitar, wata dattijuwa, ba ta ɓoye masa komai ba. An ɗebi jinin Inna aka aika wani ɗakin gwaji mai nisa. Washegari suka turo sakamako ta imel: ƙodarta tana gazawa, a dakatar da maganin nan take. Saƙon bai iso ba. Kwana goma sha ɗaya aka ci gaba da ba ta maganin, safe da yamma.

"Mun yi ta jira, ɗana," in ji ta. "Sabon shafinmu na intanet yana aiki lafiya lau, sai muka ɗauka su ne suka yi jinkiri."

Yana jin haka ya gane. Ƙarƙashin sunan kowace ma'aikata a intanet akwai 'yan layuka masu nuna hanya. Ɗaya yana kai masu neman shafi inda shafin yake, ɗaya yana kai wasiƙu akwatinsu. Asibitin nan shafinsa na wurin wani kamfani, imel ɗinsa na wurin wani daban. Wanda ya mayar da shafin sabon gida ya yi aikinsa da kyau, amma ya goge layin wasiƙu. Daga ranar duk saƙon da aka turo sai ya tafi wurin kamfanin shafin, inda babu akwati, ya ɓace shiru.

Ya buɗe jerin layukan. Sunan asibitin a intanet haruffa huɗu ne kawai, na tsohon sunansa, ba su yi kama da abin da ke kan allon ƙofa ba. Jerin gajere ne, a tsare, babu ko layi ɗaya da ya yi yawa. Ya mayar da wanda aka goge. Gyaran bai kai minti ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

"Jakin da ya yi wannan ya ga layin da bai gane ba," ya ce. "Bai tambayi kowa ba, ya ɗauka shara ce."

Yayarsa, wadda ta biyo shi don kada ya yi abin kunya, ta dafa kafaɗarsa. "Ƙanena, ka bar wa Allah. Inna ba za ta dawo ba."

"Yaya, mutuwarta na bar wa Allah. Sunan nan kuwa sai na kai shi gaban alƙali."

Ya shiga tarihin canje-canje, inda na'ura ke rubuta wanda ya taɓa kowane layi da lokacin da ya taɓa shi. Likitar ta gyara gilashinta ta matso. Yayarsa ta leƙo ta bayansa. Ya gangara ƙasa, ya wuce kwana goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kai ranar. Talata ce, ƙarfe tara da kwata na safe. Ya tuna Inna zaune a falo da jakarta a cinya, tana ce masa ya yi a hankali, ita ba ta sauri.

A gefen layin akwai sunan mai aikin, da ƙananan haruffa. Sunan da Inna ta laƙaba masa ne.