Yadda Na Cika Musu Ma'ajin Auduga

Na rantse da abin da zai kashe ni ba za ka yarda ba, amma ni ɗin nan da na tsere wa makaranta tun ban iya rubuta sunana daidai ba, ni na ceci bikin fasahar da aka kawo garinmu. Wasu 'yan birni ne suka zo da shi. Suka kama tsohon ma'ajin auduga, suka cika shi da zane-zanen da ba kai ba gindi, da wata na'ura mai kuka kamar kwaɗi. Mutanen gari ko leƙe. Shugabar bikin, wata doguwar mata mai tabarau, ta ce in aka tashi a haka sun tafi ke nan, su da garin nan har abada. Ni kuwa abin dariya nake nema. Da rana ta take, kowa na ƙailula, na bi unguwa na kwaso tulun da tsohuwa mai ginin tukwane ta shanya, da zuga-zugin maƙeri, da wani zane da marini ya baza a karofi. Na kifa tulun a kan zuga-zugin, na yafa masa zanen, na ce wa shugabar aikina ne, sunansa "Damuwar Duniya". Ta zagaya shi, ta ce rabonta da ganin tunani mai zurfi haka ta manta.

Kafin la'asar ma'ajin ya cika maƙil. Masu kaya ne suka biyo sawu, kowa da danginsa da gorarsa. Da wani ne da hukuma zai kira. Ita kuwa ta dubi taron da ta rasa tun farko, ta sa aka ture zane-zanen gefe, ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Iya, don Allah a nan za ki nuna mana yadda ake tayar da wuyan tulu." Maƙeri ya hura wuta a bakin ƙofa, mai na'urar kwaɗi ya ɗauki ƙarar gudumarsa ya haɗa da kalangu, 'yan mata suka yanyame marini suna koyon ƙulle zane. A wurin aka yanke cewa baɗi tare za a shirya, 'yan gari da baƙi. Ina sulalewa sai na ji Iya ta cafki wuyan rigata. Ashe tulun ɗanye ne, na gutsure masa baki. Hukuncina, in taka mata yumɓu gaban jama'a har biki ya watse. Ga ni cikin laka iya gwiwa ana tafa mini, shugabar har da ɗaukar hoto.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.